Akwatin da lissafi ya ce zai hau gangara da kansa

Ɗalibar Fiziks: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a duba mini wannan, tun jiya nake juya shi. Akwati ne mai kilo 10 a kan katako, an ɗaga bakin katakon guda har ya yi kusurwar digiri 20 da ƙasa. An ba ni lambar gogayyar tsaye, wato ma'aunin yadda akwatin da katakon ke kama juna kafin ya fara zamewa, 0.5. Ana tambaya ko zai zame, kuma nawa ne ƙarfin gogayyar.

Ga yadda na bi. Nauyinsa 10 sau 9.8, niyuton 98 ke nan. Kason da ke jan sa ƙasa ta bin gangarar, 98 sau sayin 20, ya ba ni 33.5. Kason da ke danna shi a jikin katako, 98 sau kosayin 20, ya ba ni 92.1, kuma shi ne ƙarfin da katakon ke tokare shi da shi. Gogayya 0.5 sau 92.1, wato 46. To 46 na ja sama, 33.5 na ja ƙasa, saura 12.5 ta wajen sama. Ke nan akwatin zai hau gangara da kansa? Hankali ba zai ɗauka ba, amma sau uku ina maimaitawa ban ga inda na kauce ba.

Mai Bibiya: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, fara duba kalkuletarki, wataƙila tana kan radiyan maimakon digiri. Shi ke yawan kayar da mutane.

Ɗalibar Fiziks: Na duba yaya, kan digiri take. Sayin 30 yana ba ni 0.5 cif.

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam. 'Yata, kalkuletarki lafiyarta ƙalau, lambobinki ma duka daidai suke, har 46 ɗin. Sunan da kika ba 46 ne ba nata ba. Ba ita ce gogayyar da ke aiki a kan akwatin yanzu ba. Ita ce iyakar abin da gogayyar za ta iya in an ƙure ta.

Tashi ki je wurin tebur mai nauyi, ki sa yatsa ɗaya ki tura a hankali. Bai motsa ba. Tunda bai motsa ba, abin da daɓe ya mayar daidai yake da abin da yatsanki ya tura, ba ƙari ba ragi. Sa tafin hannu ki ƙara ƙarfi. Har yanzu yana nan, ke nan gogayyar ta ƙaru tare da ke. Janye hannunki gaba ɗaya, gogayyar ta koma sifili. Da a ce kullum tana kan lambar nan sau ƙarfin tokara, da tebur ya riƙa yawo a ɗaki ba mai taɓa shi, kuma sai a tambaya ta wace fuska zai nufa. Gogayyar tsaye ba ta fara magana, amsawa take yi, kuma gwargwadon abin da aka tambaye ta take amsawa, har zuwa inda ƙarfinta ya ƙare.

A katakonki, abin da ke neman zamar da akwati 33.5 ne. Gogayya tana da iko har 46. Sai ta fitar da 33.5, ta bar sauran 12.5 a ajiye. Amsa ke nan: ba zai zame ba, gogayya niyuton 33.5 ce, tana fuskantar sama.

Na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda ake rubuta F = μN a allo (F gogayya, μ lambarta, N ƙarfin tokara) kamar doka guda ce mai hawa kan kowa. Ga abin da ke tsaye, F ≤ μN ya kamata a rubuta. Ɗan layin nan da ke ƙarƙashin alamar shi ne dukan darasin.

Ɗalibar Fiziks: Allah ya saka da alheri Malam, yanzu na gani. To a wace kusurwa ajiyar nan za ta ƙare?

Tsohon Malami: Ke za ki fitar mana. Daidaita abin da ke ja da iyakar gogayya, amma kada ki sa lambobi tukuna, bar su a haruffa.

Ɗalibar Fiziks: In mg ne nauyin (m kilo, g 9.8), θ kuma kusurwar, to mg sayin θ = μ mg kosayin θ. Sai mg ya fita ta kowane ɓangare, ya bar tanjan θ = μ. In μ 0.5 ce, θ digiri 26.6 ke nan. Amma Malam, nauyin ya ɓace ɗungurungum. Wato ko kilo 10 ne ko kilo 100, a kusurwa ɗaya za su fara zamewa?

Tsohon Malami: Haka yake. Kin ninka nauyi, kin ninka abin da ke jan sa ƙasa, amma kin kuma ninka yadda yake danne katakon, gogayya kuwa daga dannawar take samun ƙarfi. Masanin lissafin nan Oila ya rubuta wannan dangantaka ta tanjan tun wajen 1750. Ita ce kuma dalilin da ya sa in an zuba busasshen yashi, ko ɗan tsibi ne ko tudu guda, gefensa yakan tsaya a kusan digiri 34. Ƙara masa yashi, sai ya faɗaɗa, amma ba zai ƙara miƙewa ba.

Direban Tirela: Malam, Allah ya gafarta, ni a nan ne ban yarda ba. Ban yi karatun fiziks ba, amma na yi shekaru ina sauko da babbar mota daga tudu. Mota ba kaya daban, mota da lodi daban. Ranar da ka ɗauko tan 30 a baya ka fuskanci doguwar gangara, jikinka ma zai gaya maka. Ka taka birki ka ji yana laushi a ƙarƙashin ƙafarka, warin ƙuna na shigowa ta taga, motar kuma ba ta san kana yi ba. Wanda ya ce mini nauyi bai da tasiri a gangara, sai in ce ya zo ya zauna a gefena rana ɗaya.

Mai Bibiya: Gaskiya Baba direba ya kawo magana. Ni ma abin da na sani ke nan.

Injiniyar Titi: Baba, abin da ka faɗa gaskiya ne, na Malam ma gaskiya ne, wurare biyu daban kuke magana a kai. A mota gogayya biyu ce ke tsayar da kai. Akwai wadda ke tsakanin taya da kwalta, akwai wadda ke cikin birki, tsakanin fata da ganga. Maganar Malam ta farkon ce. In aka kulle tayoyin tirela duka aka ajiye ta a gangara, kusurwar da za ta fara ja da ciki kusan ɗaya ce, da lodi ko babu.

Abin da kake ji a ƙafarka na biyun ne, kuma shi zafi ne matsalarsa. Duk mitar da mota ta sauko, makamashin da ke cikin tsayin dole ya tafi wani wuri, in kuma birki ne ke riƙe da ita, cikinsa yake shiga ya zama zafi. Tirela mai tan 40 gaba ɗaya, ta sauko tsayin mita 100: 40,000 sau 9.8 sau 100, jul miliyan 39 da ɗoriya (jul shi ne ma'aunin makamashi). Wannan ya isa ya kai ruwa fiye da lita 100 ga tafasa. Ƙaramar mota mai tan ɗaya da rabi, a gangarar nan dai, ba ta kai jul miliyan ɗaya da rabi ba. Nan kam nauyi bai soke ba ko kaɗan, shi ne ma kan gaba. In fatar birki ta yi zafi fiye da ƙima, lambar gogayyarta sai ta faɗi, gangar kuma ta buɗe ta yi nesa da fatar. Ka taka, ba abin da ya kama.

Direban Tirela: To yanzu kin zo inda nake. Shi ya sa tun kafin a fara gangara muke sa babbar giya mai ja, inji ya riƙe motar, birki kuma a riƙa taɓa shi ana saki. Yaron da ya sauko a furi yana dogara da ƙafarsa, rabin hanya birkin zai bar shi. Amma ban taɓa raba su biyu a kaina haka ba. Na karɓa, sai dai har yanzu ina so in ga maganar akwatin nan da idona.

Tsohon Malami: Alhaji, haka ya kamata, kada ka karɓa don na faɗa. 'Yata, ga aiki. Samo katako mai tsawo da kwali. Ba ki buƙatar ma'aunin kusurwa. Daga gindin katakon auna mita ɗaya a ƙasa, ki tsayar da rula a wurin. Riƙa ɗaga ɗaya bakin a hankali, kada hannunki ya yi rawa. Da kwalin ya motsa, duba tsayin katako a jikin rula. In santimita 40 ne, lambarki 0.40 ce, domin tsayi bisa faɗi shi ne tanjan. Yi sau uku kwali ba komai, sau uku cike da littattafai.

Ɗalibar Fiziks: Na dawo. Ba komai a ciki: 42, 45, 40. Da littattafai, ya yi nauyin da sai da hannu biyu nake ɗaga shi: 43, 46, 44. Baba direba, wallahi ni ma na zaci mai nauyin zai riga tafiya. Abin da na lura kuma, da zarar ya ɓalle ba ya tafiya a hankali, fizgewa yake yi. Har na ɗan sauke katakon yana cikin tafiya, bai tsaya ba.

Amma me ya sa lambobin ba sa maimaita kansu? Kwali ɗaya, katako ɗaya, 40 yanzu 45 anjima.

Tsohon Malami: Madalla. Fizgewar da kika gani ita ce shaidar cewa gogayyar zamiya ta fi ta tsaye ƙanƙanta. Kafin ya ɓalle ana kunnen doki, da ya ɓalle sai riƙon ya ragu nan take, jan kuwa yana nan yadda yake. Ki gwada da akwatin tambayarki mai kilo 10 a digiri 30, ki ɗauki lambar zamiya 0.3. Ja 49, tokara 84.9, gogayya 25.5, saura 23.5. Raba da kilo 10, gudunsa na ƙaruwa da mita 2.35 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. A nan ne kawai, da abu ke zamiya ko yake daidai gaɓar ɓallewa, kike da izinin rubuta alamar daidai.

Bambancin 40 da 45 kuwa kada ki ɗauke shi kuskurenki. Lambar gogayya ba irin 9.8 ba ce. Ƙura tana canza ta, laima tana canza ta, wurin da kika ajiye kwalin a jikin katako yana canza ta, har daɗewar da ya yi a zaune kafin ki ɗaga, domin abu in ya jima a wuri yakan ƙara kamawa. Kulom, injiniyan sojan Faransa, ya auna wannan na ƙarshen a gwaje-gwajensa da suka ci kyautar cibiyar kimiyya ta Faris a 1781. Wanda ya ba ki lambar gogayya da ɗigo huɗu bayan sifili, bai taɓa aunawa da hannunsa ba.

Bakanike: Malam ina da ja a wani wurin. A lissafin nan naku ban ga faɗin abin da ya taɓa ƙasa ba. Ni kuwa na san taya mai faɗi ta fi siririya kama titi. Dubi motocin tsere, tayarsu kamar ganga. In faɗi ba ya ƙara komai, me ya sa suke wahalar da kansu?

Tsohon Malami: Wannan gardama ta girme mu duka. Liyonardo da Binci ya zana ta a littattafan ajiyarsa tun 1493: katako ɗaya, a ja shi a kwance, a ja shi a kan gefensa, ƙarfin da ake buƙata bai canza ba. Bai buga ba, sai aka manta. Amonton ya sake gano haka a Faransa a 1699, kuma malaman cibiyar kimiyya ba su yarda ba sai da aka sake gwadawa. Don haka shakkarka tana da asali.

Dalilin bai fito sarai ba sai a ƙarni na 20, a aikin Bodin da Tebo na jami'ar Kambirij, wanda suka tattara a 1950. Fuskar da kake gani sumul, in ka duba ta da madubin ƙara girma, tuddai ce da kwaruruka. In ka ɗora bulo a kan katako, ba dukan fuskar ke taɓawa ba, kawunan tuddan ne kawai, kuma jimlarsu ɗan mitsitsin kaso ne na abin da ido ke gani. Kwantar da bulon, kawuna da yawa sun taɓa, kowanne an danna shi kaɗan. Tsayar da shi a gefe, kawuna kaɗan ne, amma kowanne ya sha danna har ya baje. In ka tara, wurin da ya haɗu da gaske kusan ɗaya ne. Nauyi ne ke yanke shi, ba faɗin bulo ba.

Amma roba ba bulo ba ce, kuma a kan taya kai ke da gaskiya. Roba tana lanƙwasa ta shiga ramukan kwalta, kuma lambar gogayyarta tana raguwa in an matsa mata lodi da yawa a ɗan wuri. Faɗaɗa tayar, ka rage matsin, lambar ta ɗan hau. Ga kuma zafi da ci: faɗin yana ba su damar sa roba mai laushi ƙwarai wadda da siririya ce da ta narke ta ƙare kafin a gama tsere. Dokar Amonton ta abubuwa masu tauri ce kuma busassu, ba ta rantse a kan komai ba.

Bakanike: To in tuddai ne, ke nan in na goge ƙarfe ya yi sumul sosai gogayya za ta tafi?

Injiniyar Titi: Zuwa wani mataki kawai. In ka wuce shi sai abin ya juya. Akwai 'yan sandunan ƙarfe na awo da ake gogewa har su zama kamar madubi. In ka murza biyu a jikin juna sai su manne, ka ɗaga ɗaya ɗayan ya biyo. A sararin samaniya ma, inda ba iska ba tsatsa, tsabtatattun ƙarafa biyu kan iya haɗewa ba wuta.

Ɗalibar Fiziks: Na gwada na bulon. A kwance da a gefe kusan wuri ɗaya ya zame. Amma da na tsayar da shi a kan ƙaramin bakinsa, bai zame ba sam, tuntsurawa ya yi.

Injiniyar Titi: Kin ci karo da abin da zanen littafi ke ɓoyewa, domin a can akwati ɗigo ne kawai. Abu na gaske yana da hanya biyu ta barin wurinsa, kuma wadda ta riga zuwa ita ke ci. Zai zame in tanjan ya wuce lambar gogayya. Zai kife in layin da ya sauko daga tsakiyar nauyinsa ya fita daga gindinsa, wato in tanjan ya wuce faɗi bisa tsayi, ga abin da nauyinsa ya bazu daidai. Ɗauki kabad mai faɗin santimita 60, tsayi 180. Ɗaya bisa uku ke nan, digiri 18.4. A kan katakon da sai 26.6 ake zamewa, zai kife tun bai yi tunanin zamewa ba. A nan ƙarin gogayya ba taimako ba ne. Shi ya sa dogon kaya ake kwantar da shi ko a ɗaure shi ta sama.

Mai Bibiya: Ni tambayata ta turawa sama ce. An koya mana cewa gangara tana sauƙaƙa ɗaga kaya. Da gogayya a ciki, har yanzu haka ne?

Tsohon Malami: Mu auna mu gani. Akwatin nan dai, digiri 30. Ja 49, iyakar gogayyar tsaye 0.5 sau 84.9, wato 42.4. In kana so ka riƙe shi kawai kada ya sauko, gogayya tana bayanka, niyuton 6.6 ya ishe ka. In kana so ya fara hawa, ta juya ta koma bayan nauyi, sai ka kawo 49 da 42.4, wato 91.4. Ɗaga shi cak a hannu 98 ne. Dubi abin da katakon ya rage maka, bai kai 7 ba, ga shi kuma tafiyar ta ninka tsayin sau biyu. Tsakanin 6.6 da 91.4, duk abin da ka tura akwatin ba zai motsa ba, gogayya ce ke ta gyara kanta, daga sama ta ragu zuwa sifili a daidai 49, sannan ta juya ƙasa.

Kuma wannan in kana turawa ta bin katakon ne. In ka tura a miƙe kamar mai tura bango, wani kaso na ƙarfinka danna akwatin yake yi a jikin katako, kana ƙara wa gogayya abin da za ta yaƙe ka da shi. Gangara tana biya ne in ta kwanta sosai, ko in an sa taya ko gora a ƙarƙashin kaya.

Injiniyar Titi: In ƙara a kan kwanciyar. Allon da ke gefen titi mai cewa 10% ba digiri 10 yake nufi ba. Tanjan ne aka rubuta a kaso: hawan mita 10 a cikin mita 100, digiri 5.7 kacal. 100% digiri 45 ne. Titin Baldwin da ke Dunidin a Niyuzilan, wanda ya yi suna a duniya wajen tsananin gangara, kusan 35% ne, wato wajen digiri 19, bai ma kai katakon ƙanwarmu ba. Hanyar keken guragu a ƙa'idar Amurka ba ta wuce 1 cikin 12. Jirgin ƙasa ya fi kowa tsoron tudu, domin ƙarfe ne a kan ƙarfe, shi ya sa kan jirgi ke ɗauke da yashi yana zuba wa dogo a gaban ƙafafunsa in ya ji santsi.

Bakanike: Noti ma ai gangara ce aka naɗe a jikin ƙarfe. Yanzu na gane abin da ya sa jak mai zare ba ya saukowa da kansa da mota a kai. Kwanciyar zaren ba ta kai kusurwar zamewa ba, kuma nauyin motar bai canza wannan.

Tsohon Malami: Ka ba da misalin da ya fi nawa. Waigin da Alhaji ke sa wa taya ma haka yake aiki.

Ɗalibar Fiziks: Malam, ƙwallo fa? Ko yaya na ɗan ɗaga katakon sai ta tafi. Ba ta da gogayya ne?

Tsohon Malami: Tana da ita, kuma ba don ita ba da ba za ta mirgina ba, sulalewa za ta yi kamar a kan ƙanƙara ba tare da ta juya ba. Gogayyar tsaye ce ke riƙe ɗigon da ya taɓa katako, nauyi kuma ya ja tsakiyar, sai ta juya. Wani kaso na makamashin yana tafiya cikin juyawar, don haka curarriyar ƙwallo tana samun 5 cikin 7 ne na g sayin θ. Curarren gungume 2 cikin 3, zobe rabi. Saki ƙwallo da zobe tare, ko wanne ya fi nauyi, ƙwallo ce za ta riga isa.

Galiliyo, masanin kimiyyar nan ɗan Italiya, da irin wannan katako ya yi aikinsa. Faɗuwar abu ta fi ƙarfin agogon zamaninsa, sai ya rage mata gudu da gangara. Ya fafe kwari a jikin dogon katako, ya shimfiɗa masa fata mai sulɓi, ya riƙa sakin ƙwallon tagulla, yana auna lokaci da nauyin ruwan da ya tsiyaya daga wani mazubi. Ya samu tafiyar tana bin 1, 3, 5, 7 a lokuta masu tsawo ɗaya, jimla 1, 4, 9, 16. A 1638 aka buga wannan. Kason nan na 5 cikin 7 bai ɓata masa sakamako ba, tunda a kowace tafiya iri ɗaya ne.

Yanzu ga taki, 'yata, kuma kada kowa ya taya ta. Koma katakonki na farko, digiri 20, lambar tsaye 0.5, ta zamiya 0.3. An cilla akwatin sama ta bin katakon da gudun mita 3 a daƙiƙa. Ina zai kai, kuma me zai faru bayan nan?

Ɗalibar Fiziks: Bari in bi a hankali. Yana hawa, ke nan zamiya yake yi, gogayya 0.3 sau 92.1, wato 27.6, kuma ƙasa take fuskanta tunda shi sama ya nufa. Nauyi ma 33.5 ƙasa. Jimla 61.1, gudunsa na raguwa da 6.11. Nisa 3 sau 3 bisa 2 sau 6.11, kusan santimita 74.

A nan ya tsaya. Da jiya ne da na ce zai dawo. Amma da ya tsaya, ba maganar 0.3 kuma, an koma ta tsaye. Abin da ke jan sa 33.5 ne, iyaka 46, bai kai ba. Zai zauna a wurin. Gogayyar kuma ta tashi daga 27.6 tana kallon ƙasa, ta koma 33.5 tana kallon sama.

Tsohon Malami: Daidai, har da juyawar. Yanzu maida katakon digiri 30 ki sake cilla shi, ki gaya mana wanne ya fi ɗaukar lokaci, hawan ko saukowar.

Direban Tirela: Wannan kam ku bar ni in gwada kafin ta amsa. Na samo katako da kwali.